Yadda nake sa jar akuyar Innarmu magana a bidiyo

Tun da na ɗora bidiyon akuyar nan tana yi wa rago habaici ana jibi Babbar Salla, ban huta ba. Duk wanda ya kawo caji shagona a Mabera sai ya tambaye ni yadda aka yi bakinta ya bi maganar. Wasu har da rage murya, kamar mai neman laƙani. Babu laƙani a ciki. Waya ce, da data, da hoto guda, da muryata. Na gaji da maimaitawa, ga shi nan a rubuce.

Abu na farko da ya kamata ka gane shi ne yadda manhajojin nan na ƙirƙirarriyar basira suke aiki. Kana ba su hoto da sautin magana, su kuma su riƙa zana wa fuskar baki daidai da kowane sauti, su ɗan ƙara ƙifta ido da kaɗa kai. Ba sa jin Hausa, ba ruwansu da ma'ana, sauti kawai suke bi. Mu wannan ya yi mana daɗi, domin ko da Sakkwatanci tsantsa ka yi magana, bakin zai bi.

Saboda haka kada ka fara da neman manhaja. Fara da abin da za a faɗa. Ni daƙiƙa 15 zuwa 20 nake yi, ba na wucewa, domin damar kyauta da ake bayarwa kaɗan ce, kuma barkwancin da ya yi tsawo ya zama wa'azi. Ga abin da akuyar ta ce:

"Ragon gidan ga, wata ukku ana ba shi dussa da harawa, ni ko bawon dankali. Kullum shina yi man kallon banza. Ban ce mai komi ba." Sai ta yi shiru, ta ƙifta ido. "Jibi Salla."

Wannan shirun shi ne rabin dariyar. Ka bar shi a cikin muryar tun wurin ɗauka, kamar daƙiƙa ɗaya da rabi, domin a lokacin da babu sauti manhajar tana rufe bakin ta bar fuskar tana kallon mutane, kuma kallon akuya ba ya buƙatar taimako.

Yanzu maganar murya, wadda a nan ne mafi yawan masu gwadawa suke faɗuwa. Kusan kowace manhaja tana da akwatin da za ka rubuta magana, na'ura ta karanta maka. Kada ka yi amfani da shi. Rubutunmu ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, shi ya sa na'urar ba ta san bambancin garin da ake zama da garin da ake tuƙa tuwo da shi ba. In ta ga ƙafa ta ce kafa. Balle a zo ga "mi ya hwaru" ko "yat tahi". Abin da take fitarwa kamar Bature ne ya haddace Hausa a littafi, sai mutane su yi wa muryar dariya su manta da barkwancin. Ka ɗauki muryarka da kanka ka ɗora.

Ni bayan sallar asuba nake ɗauka, kafin 'yan kabu-kabu su fito, kafin maƙwabcina mai niƙa ya tayar da inji. Ina shiga ɗaki, in kashe fanka, in rufe taga, in buɗe durowar kaya in fuskanci tufafin, saboda suna shanye amsa-kuwwa. A watan Afrilu, da zafi ke haura digiri 40, wannan kashe fankar jarrabawa ce, amma minti biyu ne. Da hunturu kuwa iska ce matsalar, kada ka kuskura ka ɗauka a tsakar gida. Ka riƙe wayar kamar taƙi guda daga bakinka, ka ɗan karkatar da ita gefe don kada numfashi ya riƙa bugunta. Ka yi sau uku ko huɗu ka zaɓi wadda ta fi. Kada ka sa kiɗa, kada ka bar kukan kaji ko rediyo a baya, domin duk sautin da na'urar ta ji sai ta buɗe masa baki. Na taɓa yin wani da zakara ya yi cara a tsakiya, akuyar ta wangame baki ta yi carar tare da shi.

Wata dabara da na daɗe kafin in gano: ko da kana son muryar ta zama siririya irin ta akuya, ka ba manhajar muryarka ta asali. Ta fi gane ta. Sai bayan bidiyon ya fito ka sirantar da ita wurin tacewa. Amma kada ka ƙara wa muryar sauri ita kaɗai, in za ka ƙara ka haɗa da hoton, in ba haka ba baki da magana su rabu.

Sai hoto. Fuskar ta kalli kyamara kai tsaye, baki a rufe, haske ya sauka a kanta daga gaba. Da hantsi ko bayan la'asar a inuwa ya fi, ranar tsaka ta Sakkwato tana ƙone hoto ta bar baƙar inuwa a ƙarƙashin hanci. Ka ɗauka a tsaye, wato 9:16, yadda TikTok da sitatus na WhatsApp suke so, ka bar fili sama da kai don kada ƙaho ya fita in ta motsa. Da dabba sai haƙuri. Ƙanena ne yake tsayawa bayana da ganyen zogale a saman wayar, ni kuma ina ta dannawa. Cikin hoto talatin ba wuya a samu biyu masu kyau. Jar akuyarmu ta Sakkwato, wadda fatarta ta yi suna a kasuwannin duniya tun zamanin fatake, tana da gajeriyar fuska mai tsabta, ta fi tunkiya daɗin aiki. In kuma mutum kake so, ka sa manhajar zane ta ƙirƙiro maka fuskar da babu mai ita, ko ka yi da taka. Rawani ko amawalin da ya rufe haɓa ba ya yi, gemu mai kauri ma yakan sa bakin ya dame.

Manhajojin suna da yawa. Hedra da HeyGen da D-ID duk suna karɓar hoto guda da murya su fitar da bidiyo. D-ID ɗin nan fasaharsu ce MyHeritage, shafin binciken asalin dangi, ya yi amfani da ita a 2021, lokacin da mutane suka yi ta motsa hotunan kakanninsu. Kling, ta kamfanin Kuaishou na ƙasar Sin, tana iya ɗora motsin baki a kan bidiyon da yake motsi. Mai kwamfuta da juriya yana iya gwada Wav2Lip, wadda masu bincike a Haidarabad ta Indiya suka fitar a 2020, kyauta ce, ana kunna ta a Google Colab, wato shafin da Google ke ara wa mutum kwamfuta ta intanet, sai dai da fuskokin mutane aka horar da ita. Ni da Hedra na yi na akuyar. Hanyar dai kusan ɗaya ce a ko'ina: ka buɗe shafinsu a burauzar waya, ka shiga da adireshin Gmail, ka ɗora hoton, ka ɗora muryar, in akwai wurin rubuta bayani ka sa gajere da Turanci cewa ta yi magana a natse tana kallon kyamara, ka danna, ka jira. Na kyauta yakan zo da tambarin kamfani a gefe, kuma ka'idojinsa suna canzawa kullum. Na kuɗi da dala ake biya. Ban ga dalilin biya ba sai ranar da wani mai shago ya ba ka aikin talla. Da dare nake ɗorawa, lokacin da sabis ya fi sauƙi kuma wayar ta huce.

In ya fito, kada ka yi murna tukuna. Ka kashe sautin ka kalli leɓɓan kawai. Wurin b da ɓ da m dole su haɗu, wurin u da o su tattaru. Idon mutum yana yafe kusan komai ban da wannan. In akuya ta ce "ban ce mai komi ba" baki bai rufu ko sau ɗaya ba, kowa zai ji wani abu bai zauna ba ko da bai san mene ne ba. Maganinsa ka sake ɗaukar muryar a hankali, kana danne haruffan. Ka duba haƙora kuma. Wani lokaci na'urar takan dasa wa dabba jerarrun haƙoran mutum farare tas. Wannan in ya zo, ni ba na gyarawa.

Tacewa a manhajar CapCut nake yi. A nan nake sirantar da murya, in sa kukan kaji da ƙarar turmi can ƙasa-ƙasa don ya zama gida sosai, in rubuta maganar a ƙasan hoton da hannuna, da ƙ da ɗ da ɓ ɗinsu, domin da yawa a cikin mutane suna kallo ne babu sauti. In hira ce tsakanin biyu, kowa ka yi masa nasa daban, sannan ka yanka ka jera. Haka na yi Bagobiri da Bayarabe suna musu a kan wane ne bawan wani, dukansu ƙirƙirarrun fuskoki, kuma da yake wasan taubasai ne da kowa ya gada, babu wanda ya ji haushi.

Ba haka kawai na koma kan akuya ba. Bidiyona na farko da hoton kawuna na yi shi, wanda aka ɗauka wurin wani ɗaurin aure. Na iya kwaikwayon muryarsa, sai na sa shi yana cewa bayan Salla zai ƙara aure. Na tura zauren danginmu na WhatsApp ina jiran dariya. Kafin magariba matarsa ta haɗa kaya ta tafi gidansu. Inna ta kira ni ɗaki ta ce, "Mi kay yi ma kawunka?" Sai da na bi wani dattijo har gidan surukansa, na durƙusa, na buɗe waya na nuna musu yadda aka yi, sannan ta yarda ta dawo. Kawu bai zage ni ba, da ya zage ni ma da ya fi sauƙi. Cewa ya yi, "Ɗana, in wasa kaka so, ga akuya nan ɗaure."

Daga ranar ba na taɓa fuskar mai rai sai ya gani ya yarda, kuma malamai da sarakuna da 'yan siyasa da matan mutane ba na zuwa kusa da su ko da wasa. Ban da kunyar, akwai dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, kuma ana gurfanar da mutane a kanta. TikTok da YouTube su ma suna buƙatar ka bayyana cewa na'ura ce ta haɗa in abin ya yi kama da gaske. Akwai ɗan maɓallin da ake kunnawa wurin ɗorawa, ni har a jikin bidiyon nake rubuta "haɗin na'ura ne", saboda da zarar an sauke shi an tura WhatsApp wancan bayanin ya ɓace.

In za ka tura wa aboki ya ɗora, ka aika shi a matsayin fayil, kada WhatsApp ya matse shi bakin ya dushe. Yanzu raƙumi nake nema. Sau biyu ina zuwa Kara, kasuwar dabbobi, ranar da aka kawo su, amma duk wanda na tsaya gabansa sai ya ɗaga kai ya juya mini gefe yana tuƙa, kuma baki mai tuƙa ba ya hoto. Mai raƙuman ya ce in dawo da sassafe kafin a ba su abinci.