Yadda ake adana takardun gadon masu sana'ar hannu na Jamus

Akwatin gidan kafinta ko maƙeri a Jamus ko Ostiriya yawanci yana ɗauke da takardar gama koyon sana'a, da shaidar zama gwani wato Meisterbrief, da littafin bashi, sai Wanderbuch, ɗan littafin da saurayi ke yawo da shi gari-gari neman aiki, hukuma tana buga masa hatimi. Wanda ya girme shi shi ne Kundschaft, takardar shaidar aiki mai falle ɗaya, galibi da zanen gari a samansa, wanda dokar sana'o'i ta 1731 ta wajabta.

Kafin komai, ɗauki hoton yadda ka same su. Kada ka yi garajen jera su bisa shekara, domin rasidin da aka cusa cikin littafin bashi wani lokaci shi kaɗai ke nuna mai bashin. Sa wa kowane falle lamba da fensir, ban da biro. Cire allura da kilif, tsatsarsu na huda takarda.

Takardun kafin wajen 1850 da tsumma aka yi su, suna da ƙwari. Na bayan nan galibi da niƙaƙƙen itace ne, asid ya yi musu yawa, shi ya sa suke yin ja suna karyewa a ninki. Raba su, kowanne da jakarsa ta kwali marar asid.

Tawadar ce babbar matsala. An haɗa ta da sinadarin ƙarfe, kuma tana cin takarda a hankali. Ɗaga fallen a haske: in ka ga inuwa mai ruwan ƙasa kewaye da haruffa, ko rubutun ya ɓullo ta baya, ta fara ci. Ruwa ko ɗigo kada ya taɓa shi, danshi ne ke hanzarta ɓarnar. Salatif kuwa ya fi yagewar muni, don gamsa yana shiga takarda ya bar tabo. A ajiye takardun a kwance, zafi digiri 16 zuwa 20, danshi kashi 40 zuwa 55 cikin ɗari. Da danshi ya wuce 65, fumfuna ta samu wuri. Falle mai hatimin kakin zuma a sama ake sa shi, nauyi na fasa hatimin.

Wajen karatu, rubutun Kurrent ne, wato tsohon salon rubutun hannu na Jamusanci: "e" tana kama da "n", ita kuma "u" ana gane ta da ɗan lanƙwasa a kanta. Fara da sunayen garuruwa da watanni, su za su koya maka hannun marubucin. In lissafin na kudancin Jamus ne kafin zuwan kuɗin Mark, a tsohon kuɗinsu Kreuzer 60 ne Gulden ɗaya, kada ka ƙirga da ɗari.