Yadda ake zaɓen girman fayif ɗin intakula da robobin haɗinsa a mota mai turbo

Abin da na fi gani a gareji shi ne mutum ya ɗaura wa motarsa turbo, wato na'urar da ke matsa iska ta tura wa inji, ko ya canza intakula, wato abin da ke sanyaya iskar nan kafin ta shiga inji, sai ya tafi Kofar Ruwa ko Panteka ya ce a ba shi fayif mafi faɗi, a tunaninsa ƙarin faɗi ƙarin ƙarfi ne. Ba haka abin yake ba ɗan'uwa. Turbo sai ta cika fayif ɗin nan da iska tukuna kafin matsi ya isa inji, to in fayif ya yi wa injin yawa sai ka taka totur ka ji motar ta yi jim kafin ta amsa, kuɗinka ya tafi kuma motar ta ƙara nauyin tashi. In kuma ya yi ƙanƙanta iska ta matse, ta ƙara zafi, turbo ta riƙa wahala a banza.

Dan haka matakin farko ka san ƙarfin dokin da injinka ke bayarwa, ko wanda kake nema da gaske, ba wanda kake mafarki ba. A ƙiyasin da masu wannan aiki ke bi, inci 2 (milimita 51) yana ɗaukar inji mai doki 200 zuwa 250 lafiya lau, inci 2.5 (milimita 63) yana kaiwa wajen doki 400, inci 3 (milimita 76) kuwa sai injin da ya haura haka. Kar bambancin inci ɗaya ya ruɗe ka, filin da iska ke bi a bakin inci 3 ya ninka na inci 2 har da ɗoriya. Irin su Hilux ɗin dizal mai injin 2KD ko 1KD da muke hawa, ko ƙananan motocin fetur masu turbo, inci 2 zuwa 2.5 ya ishe su.

Na biyu ka ɗauko ma'auni ka auna bakuna huɗu: inda iska ke fita daga turbo, mashigar intakula, mafitarta, sai bakin totur, wato inda iska ke shiga inji. Ka rubuta a takarda, kar ka ce za ka riƙe a ka. Ɓangaren da ya taso daga turbo zuwa intakula shi ne mai zafi, iskar wurin tana iya wuce digiri 120 in matsi ya hau, shi ana barinsa kusa da girman bakin turbo. Wanda ya fito daga intakula zuwa totur shi ne mai sanyi, ana iya ƙara masa faɗi kaɗan ya dace da bakin totur. Yawanci za ka ga inci 2 ko 2.25 a mai zafi, 2.5 a mai sanyi. In akwai sensa mai auna iska a kan layin kar ka taɓa faɗin gidanta, kwamfutar mota da wannan faɗin take lissafin mai.

Sai hanya. Gajeriya, kwana kaɗan. Alminiyam ya fi, ba nauyi ba tsatsa, mai kaurin milimita 1.5 zuwa 2 ya yi. Kwanar kuma ka sayi wadda aka lanƙwasa da inji cikinta bai tsuke ba, dan wadda aka lanƙwasa da ƙarfi a wajen mai walda tana motsewa a ciki, sai ka sayi inci 2.5 amma a kwanar ya koma 2.

Yanzu ga inda na fi so ka tsaya, robobin haɗi, dan wallahi yawancin matsalar da ake kawowa daga nan take. Kar ka yarda a yanko maka tiyon lagireto a sa. An yi shi ne dan ruwa, shi kuwa layin turbo kullum akwai ɗan baƙin mai a ciki, sai robar ta kumbura ta yi laushi, wata rana kana tsakar hawa gada ka ji fum, mota ta rasa ƙarfi, hayaƙi baƙi ya turnuƙe. Ka nemi na silikon mai zare a ciki, ninki 4 in da hali, in ka duba bakinsa za ka ga layukan zaren ka ƙirga. In dizal ce ko injin yana tura mai sosai, akwai mai shafi na musamman a ciki da mai ba ya ci, ya fi tsada amma ya fi daɗewa.

Faɗin cikin robar shi ne zai zo daidai da faɗin wajen fayif. Inda bakuna biyu suka bambanta ka sa roba mai rage baki, kar a cusa ƙarami cikin babba a ce kilif zai matse. Sannan tsakanin inji da intakular da aka ɗaure a jikin mota ka sa roba mai tozo a tsakiya, ko da guda ɗaya a kowane ɓangare, saboda inji yana rawa a kan kujerarsa, jikin mota ba ya yi, ga ramukan hanyoyinmu. Ba wannan tozon sai walda ta tsage.

Bakin kowane fayif dole a yi masa gammo, wato ɗan tudu a zagaye, ko da da walda ne a goge shi sumul. Kilif yana zama bayan gammon ne, ba a kansa ba. Kilif ɗin da ake ɗaurewa da sukundireba ya yi a matsi kaɗan, amma in matsin turbo ya kai bar 1 (bar ma'aunin matsin iska ne) ko sama ka sayi mai noti mai faɗin ɗamara. Ka goge bakin fayif da cikin roba su bushe ƙaƙas, kar a shafa giris dan ya shiga da sauƙi, kuma ka bar tazarar kamar milimita 6 zuwa 10 tsakanin fayif biyu a cikin robar dan kar su riƙa gugar juna.

In an gama haɗawa kar ka fita titi tukuna. A toshe mashigar turbo, a hura iska da kwamfuresa a hankali har kusan matsin da motar ke aiki da shi, kar a wuce, sai a fesa ruwan sabulu a kowace mahaɗa. Duk inda ya yi kumfa akwai yoyo. Bayan ka yi tafiyar kwana biyu ko uku, ka bari inji ya huce ka sake bin notikan kilif ɗin ɗaya bayan ɗaya, dan silikon yana ɗan kwanciya in ya sha zafin farko.