Bororo a bayan hannu, ciwo a hanta: kurakuran masu fofiriyar fata

Bororo ya fito a bayan hannu, daidai inda rana ke duka. Fatar ta yi rauni, ko gefen ƙofa ya goge ta sai ta saɓule. Fitsari kuma ya yi duhu kamar shayin da ba a sa wa madara ba. Kuskuren farko shi ne a ce ciwon fata ne, a yi ta shafe-shafe, ko a ɗora wa sammu. Idan fofiriyar fata ce, wadda likitoci ke kira PCT, tushenta hanta ne: wani sinadari ne hanta ta kasa sarrafawa, ya taru ya bi jini zuwa fata, hasken rana ya taɓa shi ya ƙona ta. Gwajin jini da fitsari ke tabbatar da ita.

Kuskuren da ya fi ba ni tsoro na kemis ne. Mutum ya ji kasala, a miƙo masa maganin ƙarin jini mai ɗauke da sinadarin ƙarfe, alhali yawan sinadarin ƙarfe a hanta na cikin abin da ke hura wutar cutar. Shi ya sa maganinta ɗibar jini ne a asibiti, wajen mililita 450 duk mako biyu, ana aunawa har ƙarfen ya sauka. Ƙahon wanzami ba ya maye gurbin wannan. Haka kulorokwin: likita kan ba da ɗan kaɗan sau biyu a mako, amma wanda ya sha adadin da ake sha don zazzaɓin cizon sauro zai iya jikkata hantarsa.

Giya da sigari, a bar su. Mace mai shan ƙwayar tazarar haihuwa ta gaya wa likita.

Sai wani kuskuren da ake yawan yi: hannu ya warke, a jefar da katin asibiti. Masu wannan cuta sun fi sauran mutane haɗarin sankarar hanta, musamman in akwai ciwon hanta nau'in C ko hantar ta riga ta ƙandare, kuma sankarar ba ta nuna alama da wuri. A je asibitin koyarwa na Shika da ke Zariya a yi gwajin nau'in B da C. Na C yanzu yana warkewa da ƙwayoyi cikin makonni 12. Wanda hantarsa ta ƙandare, a riƙa yi masa sikanin hanta duk wata shida. Gyaɗa ko masarar da ta yi fumfuna kuwa, komai arahar ta a kasuwar Sabon Gari, kada ta shiga tukunyar mai cutar, don tana cutar da hanta.