Kafin ki sayi bireziyar motsa jiki

'Yan uwa mata, ku daina dogara da igiyar kafaɗa. Maɗaurin da ya zagaye ƙasan ƙirji shi ke ɗaukar yawancin nauyin. Ki saka yatsu 2 a ƙarƙashinsa: in sun shiga da ƙyar, daidai ne, in hannu ya wuce, ta yi miki yawa. Sai ki ɗaga hannuwa sama, ki ɗan yi tsalle. In ta haura ko nono ya leƙo ta gefe, ajiye ta. Mai gudu ta nemi wadda kowane nono ke da mazauninsa daban.

Launi kuwa, lokacin zafi masu haske ake yayi, da sanyi sai ja mai duhu da baƙi. Amma ƙarƙashin farar riga, kalar fatarki ce ke ɓuya, farar bireziya kuwa fitowa take yi.