Yadda Ake Gane Ɓangaren da Murɗin Bututun Bindiga Yake, da Gyara Saiti a Harbin Nesa

Duk wanda ya taɓa leƙa cikin bututun bindigar zamani ya ga wasu tsagi da suka murɗa tun daga gindi har baki. Su ne ke sa harsashi ya fita yana juyin katantanwa, kansa a gaba, ba tare da ya wuntsila ba. Sai dai juyin nan yana jan harsashi gefe sannu a hankali. Murɗin dama yana kai shi dama, na hagu ya kai shi hagu. A yadi 100 ko 200 ba za ka lura ba. A filin gasa na yadi 1,000 kuwa, harsashi mai kaurin .308 na inci da ya fito daga bututu mai murɗin dama yakan kauce wajen inci 9 zuwa 10, ko da ganye ba ya motsi.

Mataki na 1: ka cire harsashi, ka leƙa ɗakinsa da idonka, sannan ka zare sakatar, wato ƙarfen da ke kulle gindin bututun.

Mataki na 2: ka ɗauko sandar goge bututu mai mariƙin da ke juyawa da kansa, ka sa mata tsumma wanda zai kama ciki tsam. Idan tsumman ya yi sako-sako zai zame a kan tsagin ya yi maka ƙarya. Ka manna ɗan salatif kusa da mariƙin, ya tsaya sama kamar tuta. Ka tsaya ta bayan bindigar ka tura sandar a hankali daga gindi zuwa baki. Tutar ta bi hannun agogo, murɗin dama ne. Ta saɓa masa, na hagu ne. Tun da ka riga ka fara, ka yi wa sandar alama, ka auna tsawon da ta shige kafin tutar ta dawo sama. Idan inci 10 ne, shi ake rubutawa 1:10.

Galibi dama za ka tarar, kamar a bindigogin Remington 700 da Mauser 98. Amma Lee-Enfield ta Ingila, wadda sojojin Najeriya suka riƙe a ƙasar Burma (Myanmar ta yau) lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, murɗinta hagu ne. Ni dai ban yarda wani ɓangaren ya fi wani iya samun bara ba. Matsalar tana ga wanda bai san nasa ba.

Mataki na 3: lissafi. Abin da ya fi tasiri shi ne daɗewar harsashi a iska, shi ya sa kaucewar ba ta tafiya daidai da nisa: a yadi 500 inci ɗaya zuwa biyu ne kawai, daga nan sai ta riƙa hauhawa. Manhajoji irin su Applied Ballistics na masanin tafiyar harsashi Bryan Litz suna yin lissafin, muddin ka shigar da ɓangaren murɗin daidai. Idan ka sa dama alhali hagu ne, ka ninka kuskuren da hannunka. Wannan gyara ba sabo ba ne, don tun a bindigar Springfield 1903 ta Amurka an gina shi cikin ƙarfen saiti na baya.

Juyawar duniya ma tana da ɗan rabonta. A arewacin duniya tana tura harsashi dama, ta ƙara a kan murɗin dama, ta rage wa na hagu. A tsakiyar Turai abin yakan kai inci 3 a yadi 1,000. A wuri kamar Kano, da ke kusa da layin da ya raba duniya arewa da kudu, bai cika inci ɗaya ba.

Mataki na 4: gwaji a fili, da sassafe kafin iska ta tashi. Ka tabbata bindigar ba ta karkace ba, da ɗan lebur irin na magina a jikin madubin saiti, domin karkata kaɗan takan yi kama da jan murɗi. Ka harba biyar, ka duba tsakiyar inda suka taru, ka rubuta. Iska mai gudun mil 1 kacal a awa tana iya ture .308 kusan gwargwadon wannan kaucewa, don haka gwajin rana ɗaya bai isa ba. Ka kuma lura da tsayi: da murɗin dama, iskar da ta fito daga dama takan ɗan ɗaga harsashi sama, ta hagu kuma ta sauke shi ƙasa.