Yadda nake haɗa tokar ɓuntun shinkafa da siminti a wajen buga bulo

Shekara 14 ke nan ina buga bulo a Unguwar Rogo, kuma duk mai wannan sana'a a Jos ya san siminti ne ke cinye ribarmu. Yashi muna da shi, tsakuwa kuwa duwatsun Filato sun wadata mu, amma buhun siminti sai ya taso daga Ashaka ko Obajana da kuɗin mota a kansa. In kuma ka gangara Shendam ko Lafiya, za ka tarar da ɓuntun shinkafa tsibi-tsibi a bayan injinan casa, ana cinna masa wuta don a rabu da shi. Tokar wannan ɓuntun tana iya tsayawa a madadin wani kaso na siminti. Wani kaso na ce, ɗan'uwa, kuma sai an bi ƙa'ida.

Idan siminti ya sha ruwa ya fara kamawa, yana sakin wani sinadari dangin farar ƙasar da ake shafe ɗaki da ita, wanda ke zaune cikin kankare ba ya ƙara masa wani ƙarfin kirki. Tokar ɓuntu kuwa fiye da kashi 80 cikin 100 nata silika ce, wato sinadarin da ya fi yawa a cikin yashi. Silikar ke haɗuwa da wancan sinadarin su zama sabon abin ɗauri, ya toshe ƙananan kafofin da ruwa ke bi. Ita kaɗai ba ta kamawa, dole sai da siminti a gefenta.

Wajen ƙonawa ne aikin yake, kuma nan na fara yin asara. Karon farko baƙar toka na kwaso daga jujin wani injin casa na zuba a kwaɓi. Bulo 200 na buga, bayan mako biyu ina murza gefensu da yatsa suna zubewa. Baƙin nan gawayi ne da bai gama ci ba, yana shanye ruwan kwaɓi, ba ya ɗaure komai. In kuma wuta ta yi yawa, ta haura digiri 800 a ma'aunin Celsius, silikar kan daskare ta koma kamar yashi. Abin da ake nema tsakanin digiri 500 ne zuwa 700: wuta mai ci a hankali, da isasshiyar iska, ba mai harshe ba.

Ni duro nake amfani da shi. Na huda gindinsa da gefensa da ƙananan ramuka, na ɗora shi kan duwatsu uku don iska ta shiga ta ƙasa, na tsayar da bututun ƙarfe mai huji-huji a tsakiya. Sai in cika shi da busasshen ɓuntu, in kunna ta cikin bututun da 'yan ƙirare, in bar shi ya kwana ya wuni yana ci. Kada ka yayyafa ruwa don ya yi saurin hucewa, kada kuma ka yi ta motsa shi. Launi ne shaidarka: toka mai haske, fari-fari ko ruwan toka, ita ce mai kyau. Ta saman da ta gefen da suka yi baƙi ka ware su, ka mayar cikin ƙuna ta gaba. Ka sani kuma ɓuntu yana raguwa ƙwarai, wajen kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa ne ke zama toka. Kafin ka sami kilo 50, sai ka ƙona kusan kilo 250.

Daga nan sai niƙa. Tokar da ba ta yi laushi ba aikinta kaɗan ne. Na ware ƙaramin injin niƙa don wannan kawai, ba a zuba hatsi a ciki. Bayan niƙa ina tankaɗewa da rariya mai ƙananan idanu, in murza a tsakanin yatsu; in ban ji ta kamar garin siminti ba, ta koma inji. Don Allah ka sa takunkumi, ka sa wa yaranka na aiki. Ƙurar silika tana illata huhu, kuma illar ba ta nunawa da wuri.

Awo da sikeli ake yi, ba da kwanon sarki ba, domin toka ba ta da nauyi, ido zai yaudare ka. Ka fara da kashi 10: a kowane buhu mai kilo 50, cire kilo 5 ka zuba kilo 5 na toka. Wato a aikin buhu 10, guda 9 za ka saya. Masu bincike sun gwada har kashi 20, amma da tokar duro ni ban wuce 15. Ka gauraya toka da siminti a bushe har launinsu ya zama ɗaya kafin yashi ya shigo. Kwaɓin zai yi kamar yana neman ruwa, a nan lebura zai kai hannu ga bokiti. Ka tsaya a kansa. Ruwa kaɗan-kaɗan, don yawansa shi ke kashe ƙarfin.

In kankare marar nauyi kake so, sai ka taɓa tsakuwa ma. Ɓawon kwakwar manja, irin wanda maƙera ke hura wuta da shi, yana shiga a madadinta. Kankare na yau da kullum yana kai kilo 2,400 a kowace kubik mita, wato mita ɗaya a tsawo da faɗi da zurfi, na ɓawon kuwa yakan sauko ƙasa da 2,000. A wanke shi sosai a cire maiƙo da zare, a jiƙa shi awa 24, a baza ya tsane kafin a kwaɓa, in ba haka ba zai zuƙe ruwan siminti. Ni rabin tsakuwar nake musanyawa, kuma a daɓen tsakar gida da makamantansa kawai.

Ban-ruwa ya fi komai muhimmanci a garin nan. Haɗin toka yana jinkirin yin ƙarfi. A kwana 7 za ka ga bai kai na zallar siminti ba, a kwana 28 ya matso, yana kuma ci gaba har wata uku. Sanyin Jos na Disamba da Janairu yana ƙara masa nawa, iskar hunturu kuma tana busar da shi tun bai gama kamawa ba. Ina rufe bulona da buhunan algarara, ana jiƙa su safe da yamma har kwana 14, ba na sayarwa sai sun cika 28.

Ginshiƙi, bim (kankaren da ke gitta kan ginshiƙai), dakin (rufin kankare), da duk abin da bene zai hau kansa, ba na zuba toka sai injiniya ya amince, an kuma cika 'yan akwatunan gwaji masu milimita 150 an kai ɗakin gwaji an matse su a kwana 7 da 28. Mun ga abin da rushewar gini ke yi wa iyalai a garin nan. Kuma duk wanda ya zo sayen bulo ina gaya masa da bakina, "Alhaji, wannan layin akwai toka kashi 10, wancan babu, ga farashin kowanne." Katangar bayan gidana da irin wannan bulon na yi ta, damina biyar ke nan. Mai son ya gani da idonsa ya zo da ƙusa ya karta.