Yadda ake gasa donat ɗin ruwan tuffa a tukunyar yashi

Wannan donat asalinsa na arewa maso gabashin Amurka ne, wajajen jihar New York da maƙwabtanta, inda masu gonakin tuffa ke sayar da shi daga Satumba zuwa Nuwamba, lokacin da suke tsinkar tuffa suna matse ruwanta. Wato daidai da kakarmu, sa'ad da gero ya shiga rumbu ana cirar gyaɗa. Ruwan da suke sawa matsattsen ruwan tuffa ne zalla wanda bai kwana ya yi tsami ba, babu giya a ciki. Ke ma ranar da kika matse naki, ranar za ki dafa shi, don zafin garinmu ba ya barin irin wannan ruwa ya kwana lafiya.

Ma'auninmu ƙaramin gwangwanin madarar ruwa ne. Ki tanadi fulawa gwangwani 3, ruwan tuffa gwangwani 3, sukari gwangwani 1, nono mai ɗan tsami kashi uku cikin huɗu na gwangwani, ƙwai 1, narkakken man shanu cokalin cin abinci 3, bekin soda ƙaramin cokali 1, bekin fauda ƙaramin cokali 1, garin kirfa ƙaramin cokali 1, sai gishiri da gyaɗar ƙamshi ɗan kaɗan. In kina da mazarƙwaila, ki daka ta lukui ki sa ta a madadin rabin sukarin. Ta fi farin sukari ba da launi da laushi, kuma ita ce ta fi kusa da jan sukarin da can suke amfani da shi. Wannan haɗin zai ba ki kamar guda 12.

Aikin gaba ɗaya yana wajen ruwan tuffar. Tuffa ba ta da ƙarfin ƙamshi, in kika zuba ruwanta haka tsararo cikin fulawa, abin da za ki ci kek ne mai kirfa kawai, kuɗin tuffarki sun tafi a banza. Dole a dafa shi ya ƙafe. Ki sami tuffa 6 zuwa 8, ki haɗa kore da ja, don koren ya kawo tsami jan ya kawo zaƙi. Ki wanke, ki goge su da magogi har da ɓawon, ki juye a tsumma mai tsabta ki murɗe da ƙarfi. Nan da nan ruwan zai koma ruwan ƙasa, kada ki damu, iska ce ta taɓa shi. Ki ɗora a faffaɗar tukunya ba murfi, wuta madaidaiciya, kina kwashe kumfar da ke tasowa. Cikin minti 20 zuwa 30 gwangwani ukun nan zai koma ƙasa da gwangwani ɗaya, launinsa ya yi duhu, in kin tsoma cokali ya riƙa kama bayansa. A mintocin ƙarshe ki tsaya a kansa, domin sukarin cikinsa na saurin kamawa, in ya kama kuwa ɗacin ba ya fita. Ki sauke ya huce sarai. In kika zuba shi da zafi kan ƙwai, ƙwan zai dahu ya yi gudaji-gudaji.

Tuffa na da tsada, kuma ba kowace kasuwar ƙauye ake samunta ba. Ruwan tuffa na kwali zai yi, muddin na tuffa zalla ne, ba mai ruwan sukari da kala ba. Shi ma sai an ƙafar da shi, sannan ki rage sukarin haɗin da kamar cokali biyu.

Kafin ki taɓa fulawa, ki haɗa wuta. Ki zuba busasshen yashi mai tsabta a babbar tukunya, kaurinsa kamar yatsu uku, ki rufe ki ɗora a garwashin gawayi minti 15 zuwa 20. Mai abin gashi na gas ko lantarki ta sa shi a digiri 175 na ma'aunin Celsius. Ki wanke ƙananan gwangwanayen tumatir, ki ɓare takardar jikinsu, ki danne bakin da ke yanka, ki shafe cikinsu da mai ki barbaɗa fulawa. Ramin tsakiyar donat amfaninsa zafi ya ratsa ciki da wuri. A gwangwani ba za ki samu ramin ba, don haka rabi kawai za ki cika, in ba haka ba waje ya gasu ciki na ɗanye.

Ki tankaɗe fulawa da soda da fauda da kirfa da gishiri da gyaɗar ƙamshi a kwano ɗaya. A wani kwanon ki kaɗa ƙwai da sukari da man shanu, ki zuba nono da ruwan tuffar. Sai ki juye mai ruwan a kan garin, ki juya da cokali a hankali, da zarar farin gari ya ɓace ki tsaya. Ƙullun zai fi na ƙosai kauri. Kada ki buga shi, bugu na tayar da danƙon fulawa, donat ya fito da tauri yana jan haƙori. Kada kuma ki ajiye shi ya jira wuta, don tun da soda ta haɗu da tsamin nono da na tuffa ta fara aiki, in ya daɗe kumburin ya wuce. Sodar ki shafe bakin cokali wajen aunawa, in ta yi yawa za ki ji ɗanɗanon sabulu. Kanwa ba ta maye gurbinta a nan, ƙarfinta ba ɗaya ba ne daga wannan dunƙule zuwa wancan.

Ki jera gwangwanayen a kan faranti ko ƙananan duwatsu bisa yashin, ki rufe, ki ɗora garwashi kaɗan a kan murfin. Yawanci gindi ne ke ƙonewa sama na fari, alamar wutar ƙasa ta yi yawa ke nan, sai ki janye garwashi daga ƙasa ki ƙara a sama. Kada ki buɗe kafin minti 12, iskar da za ta shiga na sa tsakiya ya lotsa. Daga minti 15 ki soka tsinke, in ya fito a bushe ya yi.

Ki bar su minti 5 sannan ki zazzage. Tun da ɗuminsu ki shafa musu narkakken man shanu, ki mirgina su cikin sukari rabin gwangwani da kika gauraya da kirfa ƙaramin cokali 1. In suna turiri sukarin zai narke ya yi damshi, in sun huce gaba ɗaya ba zai kama ba. Abin da ya rage ki rufe shi ruf a kwano mai murfi, domin iskar hunturu in ta fara kaɗawa cikin yini ɗaya take busar da su. A rufe suna kai kwana biyu.